Jantin Lakwal da Kunnen Ɗiyata

Ni atamfa nake sayarwa a kasuwar Gaya, amma ɗiyata ta fari cikin tsumma ta yi ƙuruciyarta. Ƴan layinmu sun samu abin tsokana, kullum sai an ce mai kanti ta hana ɗiyarta sutura. Alhali in na tsallaka gada na saro kaya a Malanbil, turmin da ya fi kyau shi nake ware mata. Tela ya ɗinka, ya sa leshi a wuya, a kawo. Da an zura mata sai ta sandare, ta ware hannuwa daga jikinta, ta fasa ihu: "Tana cizona! Mama, rigar ga tana cizona!" Na sha juya riga ciki da bai ina neman ƙaya ko cinnaka, ban taɓa samun komai ba. Riga ɗaya take so a duniya, wata shuɗiya da wanki ya cinye har kana hango haske ta cikinta.

Ba zan faɗi sunanta ba, kuma duk wadda ta tashi inda na tashi ta san dalili. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa gaban mutane, ba ta shiga faɗansa. In an tambaye ni ɗiyar wa ce wannan, sai in kau da kai in ce ta tsohuwa ce. Tsohuwa surukata ce, kakarta ta wajen uba, wadda ta baro Tunuga ta dawo wurinmu bayan rasuwar mijinta. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, kowa a kasuwa ya sani, ƴan dako ma sukan canza hanya in sun ga na ɗaure ɗankwali a ƙugu. Amma a kan yarinyar nan sai in haɗiye maganata in bar tsohuwa ta yi. Ubanta direban kamiyo ne, babbar motar kaya, ya fi kwana a hanyar Kotono fiye da ɗakinsa, saboda haka lamarin gida a hannunmu yake mu biyu.

Ba riga kaɗai ba ce. Maƙwabcinmu yana da injin niƙa, duk sanda ya ja igiya injin ya tashi, yarinyar takan toshe kunnuwa ta shige ƙarƙashin gado jikinta na ɓari. Kakakin manyan motocin da ke layi a hanyar gada ma haka. Miyar kuɓewa in ta taɓa mata leɓe sai amai. Kitso kuwa yaƙi ne, har mai kitson ta rantse ba za ta ƙara taɓa kan nan ba ko saniya za a ba ta. Mutane suka yi ta kawo shawara, kyauta kuwa. Masu cewa sangarta ce a sa bulala, masu cewa mutanen ruwa ne suka shafe ta tunda dangin ubanta masunta ne. An sha rubutu, an yi hayaƙi, hayaƙin ma ya zama sabon tashin hankali don warinsa ta tsana.

Da uban ya dawo daga wata tafiya muka kai ta Dosso wurin likitan yara. Ya duba kunne, ya duba ido, ya zauna yana kallon yadda take wasa da murfin kwalba, ya yi mana tambayoyi har na fara ƙosawa. Daga ƙarshe ya ce kunnenta lafiya lau, hankalinta ma haka. Ya ce akwai yaran da jikinsu ke karɓar ƙara da taɓi da wari fiye da na sauran mutane. Abin da ni zan ji kaɗan, ita da ƙarfi yake isa gare ta, har ya yi mata zafi na gaske. Ba ƙarya take yi ba, ba iskoki ba ne, kuma bulala ba ta maganinsa. Ya ce mu lura da abin da ke tayar mata da hankali da abin da ke kwantar da shi, mu tsara gida a kan haka. A mota muna dawowa na ja mayafi na rufe fuska na yi kukana, kukan daɗi ne, don na samu wanda ya gaskata ɗiyata.

Daga nan gidanmu ya koma gidan dabaru. Kayan sallarta tun azumi bai raba tsakiya ba ake ɗinka su. In jiƙa, in wanke, in shanya, in sake wankewa, har sitacin kamfani ya fita atamfar ta yi laushi. Maƙwabta na leƙowa ta katanga suna dariya, wai a duk Gaya gidanmu kaɗai ake tsofar da kayan salla kafin salla. Tela ya koyi juya ɗinki, haɗin ya koma waje, ba leshi ba zik, yana yi yana gunaguni wai za a ɓata masa suna. Mai injin niƙa kuwa mun yi wata musayar kalamai ni da shi wadda unguwa ba ta manta ba har yau. Bayan ƙura ta lafa ya yarda kafin ya ja igiya zai ƙwala kira ta katanga: "Za a tada!" Sai yarinyar ta ruga ɗakin kakarta ta cusa kai cikin filo, injin ya tashi ya daidaita, ta fito abinta ta ci gaba da wasa.

Tsohuwa ce ta gano maganar zane. Wata rana da damina aka yi tsawa yarinyar ta birkice, sai ta kamo ta, ta ɗauki zanen goyo ta naɗe ta tun daga hammata har ƙugu, ta ɗaure tamau, ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta.

Na ce, "Inna, za ki karya mata haƙarƙari."

Ta amsa da Hausarta ta kasuwa mai gauraye da Dandanci, "Bar ni da ƙawata. Jiki nata ya watse, ina tara shi wuri guda."

Ba a jima ba numfashin yarinyar ya daidaita, har ta fara wasa da carbin tsohuwa. Rake ma haka yake mata. In ta samu gaɓa ɗaya tana tauna da ƙarfi sai ka ga kafaɗunta sun sauka, rake kuwa a Gaya ba abin nema ba ne. Sai daka. Tun taɓarya ta fi ta tsawo take naci a bakin turmi, har uban ya sa aka sassaƙa mata ƴar ƙarama. Ranar da ta yi daka ta yi gumi da safe, lafiya za a wuni.

Lakwal, wato makarantar boko, ita ta nema da bakinta. Tun shekarunta ba su kai ba take tsayawa a ƙofar gida tana kallon yara na wucewa da jakunkuna, ta ɗauki gawayi ta cika mana bango da zane wai rubutu take. Da lokacin rantire ya zo, wato buɗe makarantu, aka rubuta sunanta, uban ya aiko mata da allo da jaka, ba ta yarda ta ajiye su ko wurin cin tuwo. Ranar farko tsohuwa ta ɗaura mata ɗan ƙyalle tamau a ƙirji ƙarƙashin riga, na jefa mata gaɓar rake a jaka, suka kama hanya su biyu. Ni ina daga ciki ina leƙe ta kafar ƙyaure, wai ni mai kunya.

Lakwal ɗin unguwarmu tana da ɗakunan siminti na manyan yara. Ƙananan kuwa rumfar zana ake kafa musu kowace shekara bayan damina, ita ake ce wa payot. Payot ɗin su ɗiyata a gindin wani babban mangwaro yake, a reshen mangwaron nan kuma aka rataye janti, ƙarfen tayar kamiyo, shi ne ƙararrawar lakwal. Duk wanda ya yi karatu a ƙasar nan ya san muryarsa, namu har bakin gulbi ake jin sa. Kuma ba mai taɓa shi sai mushe dirakter, shugaban lakwal, da kansa. Dogon mutum ne mai furfura a gemu, mai son tsari har ya yi yawa. Yana da guntun ƙarfe da ya naɗe wa mariƙi da roba, a durowar tebur ɗinsa yake kwana. Yakan fito, ya dubi agogon hannunsa, ya gyara tsayuwa, ya sauke wa jantin duka kamar ya kama ɓarawon akuyarsa.

Bugun safe a hanya ya same ta, daga nesa, ta toshe kunne ta wuce. Bugun rekere, na fita shan iska, shi ya same ta zaune a kan tabarma, zana ɗaya tsakaninta da janti. Ina kasuwa ina auna wa wata yadi aka zo aka ce mini an ga ɗiyar tsohuwa ta ratsa babbar hanya a guje ba takalmi, ta tsakanin kamiyo da kamiyo, har wani mai kabu-kabu ya faɗi garin kauce mata. Ban san sanda na bar almakashi a hannun mai sayen ba. Na tarar da ita ƙarƙashin gado, ta ƙanƙame allonta. Takalma ta bari a lakwal, allon kuwa ba ta bari ba.

Na ɗauka shi ke nan ta gama da lakwal. Washegari da sassafe sai ga ta tsaye a tsakar gida da jaka a rataye, tana jiran a ɗaura mata ƙyalle. Haka muka shiga: kullum ta tafi da murna, kullum ta gudo. Malamarsu, wadda yara ke kira madam, yarinya ce ƴar Yelu, sabuwar fara aiki, mai sanyin murya. Ta yi iya ƙoƙarinta. Ta mayar da ita can ƙarshen rumfa, amma zana ba ta tare ƙara. Ta ce za ta riƙa ɗaga mata hannu kafin a buga, sai dai daga cikin payot ba a hango ofis, kuma in mushe ya yi baƙi bugun yakan jinkirta. Muka gwada auduga a kunne, ta cire ta jefar wai tana mata tafiya a ciki. Tsohuwa ta ɗauki tabarma ta koma gadi a ƙofar lakwal, da an buga ta tare ta ta rungume. Wannan ya yi aiki har ranar da gwiwar tsohuwa ta tashi, ta kasa fita.

Sai mushe dirakter ya aiko yana neman iyaye. Uban yana hanya, saboda haka tsohuwa ta dogara sanda ta tafi, ni na bi ta a baya a matsayin mai rakiya. Na shirya zuciyata in ji faɗa, amma mutumin bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Hajiya, ɗiyar ga tana da kai, madam ta hwaɗa mini. Amma hanyar ga kamiyo ka bin ta. Ran da mota ta taka ta, mi zan ce muku, mi zan ce ma Allah? In ta ƙara gudu sau guda, ta zamna gida sai baɗi."

Na raɗa wa tsohuwa ta roƙe shi a matsar da jantin, ko ya riƙa aikowa kafin ya buga. Ya ce jantin nan a reshen nan ya tarar da shi, kuma nan ne kaɗai kowane aji ke ji. Batun aike kuwa, ya ce shi bai taɓa jin inda dirakter ke neman izinin ƴan ajin fari kafin ya buga ƙararrawa ba. Magana ta zo mini har wuya, na danne ta. Gaskiyarsa ce ta fi ba ni haushi, don ba abin da ya faɗa wanda ba haka yake ba. Tsohuwa ta miƙe tana cewa, "Kala suru, sai haƙuri," muka fito.

Gudu ɗaya ya rage mana, na ce ba zan bari a ɓarar da shi a banza ba. Na tsayar da ita a gida kafin mu samu mafita. Da na gaya mata ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni ta ce, "Mama, in na toshe da ƙarhi ƙwarai hwa? In na riƙe ƙahwahuna?" Kowace safiya ta rataya jaka ta zauna a dokin ƙofa, yara na wucewa suna kiranta tana ɗaga musu hannu. In aka buga janti daga nesa sai ta ce wa kakarta, "Yanzu sun shiga." A kwanakin nan ba wanda ya ji daɗin ciniki da ni a kasuwa.

Ranar Asabar da la'asar sai ga madam ta yi sallama, ta zo gaida ɗalibarta. Na shimfiɗa mata tabarma na kawo ruwa. A lokacin an shanya tsaba a tsakar gida, an sa yarinyar tsaro, awakin maƙwabta kuwa sun shigo. Yadda take korarsu kullum shi ta yi: ta ɗauki ludayin ƙarfe ta rufe tsohon daro da duka, tana bin su tana dariya. Ƙarar har cikin haƙora, madam da kanta sai da ta ɗaga kafaɗa ta runtse ido. Mu ko a jikinmu, mun saba.

Madam ta ajiye kofin ruwa ta kira ta. "Zo nan. Wagga ƙara ba ta yi miki zahi?"

Yarinyar ta dubi daron, ta dubi ludayin, ta ce, "A'a, madam. Wagga tawa ce. Hannuna na gaya ma kunnena tana tahowa."

Muka dubi juna mu uku. Kullum a gabanmu take wannan dukan daro, kullum take lugude a turmi har ƙasa na amsawa, amma ba wadda ta taɓa haɗa shi da maganar janti. Madam ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "Kun san abin da ya zo mini? A ba ta ƙarhen ta buga da kanta." Sai kuma dariyar ta tsaya. "Amma ni ba ni iya hwaɗa ma dirakter haka. Bana na hwara aiki. Sai an samu mai baki."

Ta dube ni. Tsohuwa ma ta dube ni. Na ce me ake kallona, ai ɗiyar tsohuwa ce, ita za ta je.

Tsohuwa ta buga sandarta a ƙasa. "Ni gwiwa babu, Hausa babu. Ke kin cika kasuwa da baki, kin yi faɗa da mai inji, yau a kan ɗiya naki kin zama kurma? Kunya naki ki aje shi nan ɗaki nawa. Ni na tsare miki har ki komo."

Ranar Litinin tsohuwa ta ɗaura wa ƙawarta ƙyalle, ta ƙara jan ƙullin. Na kama hannun ɗiyata muka fita, karo na farko da muka ratsa unguwa hannu cikin hannu a idon jama'a. Na jira aka gama hawan tuta yara suka shiga aji, sannan muka isa. Madam ta fito ta tsaya can bayana, nesa kaɗan, yadda in abin ya ɓaci ba za a ce da ita aka zo ba. Na faɗa wa mushe abin da ke tafe da ni. Ya cire tabarau ya dube ni kamar na ce ya ba ni aron gemunsa.

"Ƴar ajin fari ta buga janti? Malama, ko mushen da ka bi mini a girma bai taɓa riƙa ƙarhen ga ba."

Ni da na saba ɗaga murya, ranar sai na ji ta fito a hankali. Ciniki na iya, ciniki kuwa na yi. Na ce, "Mushe, kai ka ce saura gudu guda. Na yarda, ban zo roƙon ƙari ba. Wannan gudan nika son kashewa yau. Ka ba ta ƙarhen ga rekere. In ta gudu, ni da kaina zan kai ta gida, ba ka ƙara ganinmu sai baɗi."

"To lokaci hwa? Ita za ta riƙa duba agogo?"

"Agogo naka ne, lokaci naka ne. Sai ka ce a buga za a buga. Hannu kaɗai za a canza."

Ya daɗe yana shafa gemu. Ya leƙa bayana ya ga madam, ta yi sauri ta sunkuyar da kai. Sannan ya duƙa, doguwar duƙawa, har fuskarsa ta zo daidai ta yarinyar. Ita ba ta son kallon idon mutane, agogonsa ta tsura wa ido.

Ya ce, "Ke, kina iyawa?"

Ta ce, "In ka ce mini yanzu."

Ya miƙe ya ce wa madam ta shiga da ɗalibarta aji. Ni kuma ya ce iyaye ba sa zama a farfajiya, in jira a waje. Na fita na tsaya bakin ƙofa cikin mata masu sayar da ƙosai da rake, daidai inda in ta kwaso gudu zan tare ta. Na sayi ƙosan da ban iya ci ba. Na shiga karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa.

Can sai ga mushe ya fito daga ofis, ƙarfe a hannu ɗaya, ɗan benci a ɗayan. Shi da kansa ya ɗauko bencin, wannan ban roƙe shi ba. Ya ajiye shi a gindin mangwaro, ya je ƙofar payot ya yafito ta. Ta fito da ƴar rigarta mai ɗinki a waje, tana tafiya a kan yatsun ƙafa yadda take yi in hankalinta bai kwanta ba. Ta hau benci. Ya miƙa mata ƙarfen, ta riƙe da hannu biyu yadda take riƙe taɓarya. Ya dubi agogo, ya ɗan jira, ya ce, "Yanzu."

Bugun farko taɓawa ce kawai, da ƙyar na ji shi. Duk da haka ta zabura, kafaɗunta suka haɗe da kunnuwa, ƙafa ɗaya ta sauka daga benci. Na riga na ware hannuwa a bakin ƙofa. Sai ta tsaya a haka, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, tana sauraren jantin yana gunji har ya yi shiru. Ta mayar da ƙafar. Ta miƙa tafin hannu ta dafa ƙarfen, ta shafa shi. Mushe kuwa, Allah ya saka masa da alheri, ko agogon bai ƙara duba ba.

Ta ɗaga ta sake bugawa, da ƙarfi wannan karon. Ta saurara. Ta ƙara. Sai na ga bakinta ya buɗe, haƙoran nan masu giɓi sun bayyana. Daga nan ta saki hannu, ta shiga yi wa jantin lugude irin na bakin turmi, har tana rausayar da kai. Yara suka ɓarke daga azuzuwa da ihunsu, suka yi turus da suka ga wadda ke kan benci. Manyan suka fara tafi suna bin kiɗan. Mushe ya ɗaga hannu yana cewa, "Ya isa, ya isa! Rekere muka ce, ba biki ba!" Amma na ga gemun yana rawa, dariya yake dannewa. Ta miƙa masa ƙarfensa da hannu biyu, ta sauko, ta koma gindin zana ta zauna, ta ciro rakenta tana sha.

Wata mai ƙosai, baƙuwa a unguwar, ta taɓo ni. "Ikon Allah! Wagga ƴar mitsitsiya ɗiyar wa ce?"

Amsar da na saba tana nan a bakina, ta tsohuwa ce. Ban san inda ta bi ba. Na ji kaina ina cewa, da muryar nan tawa ta kasuwa wadda ake ji daga layin atamfa har layin kifi, "Tawa ce! Ɗiyata ce, ni na haihe ta!" Matan da suka san ni suka kama baki, wata ta rangaɗa guɗa don tsokana. Ni kuwa hawaye nake ina dariya, ƙosai ya dagule a hannuna.

Shekarar nan duka ita ta buga janti, safe da rekere da tashi. Ba wai komai ya warware ba ne. Akwai ranakun da surutun aji yake cika mata kai, madam takan ba ta bokiti ta ɗebo ruwan goge allo, ɗaukar abu mai nauyi kan dawo da ita daidai. Har yau ba ta shan miyar kuɓewa, har yau ni ke tsofar mata da sababbin kaya. Amma ba ta ƙara ratsa hanyar nan a guje ba. Mushe kuwa in baƙi sun zo yakan nuna ta ya ce tsarinsa ne, shi ya ga dacewar haka. Ni da madam mukan haɗa ido mu bar masa.

A ranar dai ban koma kasuwa ba. Na jira har ta buga jantin tashi, muka taho gida tare, tana gaba tana ba ni labarin abin da na gani da idona. Muka tarar da tsohuwa zaune a ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafa. Yarinyar ta faɗa jikinta tana haki, za ta fara bayani.

Tsohuwa ta ce, "Na ji, na ji tun daga nan. Wanga ba hannun mushe ba ne, na ce wanga lugude na ƙawata ne." Ta ɗago ta dube ni, idon nan na tsokana yana ƙyalli. Ashe labari ya riga ni isowa. "An ce wata ta yi shela bakin lakwal, duk Gaya an ji. To, ga kunya naki can cikin ɗaki inda kin bari. Shiga ki ɗauka."

Na sauke jakar yarinyar daga kafaɗata na rataye a ƙusa. Na ce, "Ki ci gaba da riƙe mini ita, Inna. Gobe ma ni zan raka ta."